Gulfam Mai Kukan Langur

A Agra, in ka tambayi mutum sana'arsa, wani zai ce maka takalmi yake ɗinkawa, wani ya ce fasinja yake ja a keke, wani ya ce baƙi yake zagayawa da su yana sheƙa musu ƙaryar sarakunan da. In ka tambayi Gulfam kuwa, sai ya dube ka tun daga silifa har gashin kai, ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Alhali duk Layin Tsamiya babu wanda bai san aikinsa ba, har jariran goye. Kuka yake yi. Da safe zai shigo layin da tawul a wuya, sanda a hannu, tsohuwar jaka a kafaɗa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya shige ƙarƙashin matakalar wani bene inda ya ɓoye tulun ƙasa, ya cusa baki a ciki, ya saki kukan langur. Huup! Huup! Huuup! Nan take jajayen biran da suka yi sammakon fashi a kan rufin mutane za su watsar da abin hannunsu, su bi wayar lantarki a guje, uwa da ɗa maƙale a ciki.

Jan birin Agra ba ya tsoron kare, ba ya tsoron ɗan sanda, ba ya tsoron tsohuwa mai tsintsiya. Zai buɗe firij ɗinka ya zaɓi abin da yake so, ya bar maka ƙofar a buɗe. Abu ɗaya ke tsinka masa ciki, shi ne langur, dogon birin nan mai furfurar jiki da baƙar fuska da jela kamar igiyar rijiya.

Gulfam gadon abin ya yi. Kakansa da birai yake rawa a kasuwanni. Ubansa kuma langur gare shi, mai suna Badal, yana ɗaura shi a bayan keke yana kai shi ofisoshi da gidajen manya, biri ya zauna a kan katanga kamar alƙali, jajaye su yi ƙaura. Gulfam bai kai ga yin gemu ba aka kawo Badal gidan, ɗaki ɗaya suka riƙa kwana. Uwarsa takan ce har ta mutu ba za ta gane wanda ya koya wa wani rashin kunya ba tsakaninsu. Makaranta ta gwada Gulfam ta mayar da shi. Masu takalmi suka gwada shi, ya zargi maigidan da rage masa fata. Ya ja keke, ya zargi fasinjoji da ƙara nauyi da gangan.

Sai doka ta zo ta ce langur ɗan daji ne, wanda aka kama da shi a igiya zai ga cikin kurkuku. Aka lulluɓe Badal da zani aka tsallaka kogi da shi zuwa gidan Mamu Rahis, ƙanin uwar Gulfam, can bayan matoyar bulo inda hayaƙi ya hana hukuma leƙawa. Uban bai daɗe ba ya rasu. Abin da ya bar wa Gulfam keke ne mara birki, sai kuma muryar Badal, wadda ta riga ta zauna masa a maƙogwaro, har da 'yar shaƙewar da yake yi a ƙarshen kuka. Da wannan maƙogwaron matarsa da 'ya'yansa mata biyu suke cin gurasar roti.

To amma murya rabin aikin ce. Ɗaya rabin yana cikin jaka, kuma babu wanda ya san da shi a layin. Kowane mako Mamu Rahis yakan aiko masa da kwalba cike da fitsarin Badal. Da rana tsaka, in masu gida sun ja labule sun kwanta, sai Gulfam ya bi gefen rufi da gindin tankuna yana yayyafawa. Biri ba sakarai ba ne. In kunnensa ya ji langur hancinsa bai ji ba, ya san wani ɗan Adam ne ke wasa da hankalinsa. Shi ya sa Gulfam bai taɓa yarda biri ya ga bakinsa yana motsi ba, bai kuma taɓa yarda mutum ya ga kwalbar ba, don inda aka ga fitsari za a tambayi mai shi.

Haka aka yi ta tafiya shekaru, har bayan damunar bana.

Shugaban jajayen layin wani tsohon ƙato ne mai yankakken kunne, Gulfam ya raɗa masa Sufeto, saboda ba ya sata da hannunsa, sai dai ya zauna a kawo masa. Wata safiya Gulfam ya gama kukansa, ya goge baki, ya fito yana ƙobarewa, sai ya ga Sufeto zaune a kan tankin ruwa yana ɓare ɗanyen wake. Ya ɗago ya dubi wajen da kukan ya fito, ya yi hamma, ya ci gaba da ɓara. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo, har ƙananan sun daina gudu. Wata mai goyo ma kashingiɗa ta yi tana sauraro, kamar an kunna mata rediyo.

Tiwari ji ne shugaban masu gidajen layin, tsohon akawun jirgin ƙasa, mutumin da ko gaisuwa sai ya duba agogo kafin ya amsa. Ya kira Gulfam bakin ƙofarsa, bai ce ya shigo ba.

"Ka ga wancan?" Ya nuna fasasshen tulun tangaran a tsakar gida, mai da yaji da yankakken mangwaro sun malale a siminti. "Achar ɗin matata ne na shekara guda. Tun jiya ba ta yi mini magana ba."

"Ai wannan hutu ne, Babu ji."

"Ba wasa na kira ka ba. Mutane suna magana, Gulfam. Cewa suke kai da biran nan bakinku ɗaya. Wai kai kake kiransu don kada aikinka ya ƙare. An kuma ce ana ganinka a kan rufi da rana kana sanɗa. Me kake nema a can?"

"Iska nake sha."

"Cikin zafin rana?"

"Lokacin ne babu layi."

Tiwari ji ya cire tabarau ya sa a aljihu, don a layin nan ba a tsayawa waje da tabarau a fuska, biri zai fizge. "Bikin Diwali ya kusa. In aka kunna fitilun biki akwai biri ɗaya a kan rufina, ka nemi wani layin. Kuma zan tabbata sauran layukan sun ji dalili."

Gulfam ya san abin da hakan ke nufi. Mai kukan da aka ce yana kiran birai, ko kyauta ba wanda zai ɗauke shi. Ya tafi rumfar Lallan mai shayi a bakin layi, ya zauna a kan benci yana huci.

"Ustad, yau kuma wa ya ci amanarka?" in ji Lallan, yana zuba shayi daga sama kamar mai auna igiya.

"Akwai mai yi mini zagon ƙasa a layin nan."

"Jiya ma ka ce na rage maka madara."

"Ka rage. Wannan daban. Biri ba ya daina tsoro haka kawai. Wani ne ke ba su ƙarfin gwiwa."

Wadda ya fara zargi ita ce Chachi Kamlesh, gwauruwar da ke gidan ƙarshe. Ranar Talata ya laɓe bayan tsamiya, ya gan ta ta hau rufi da faranti, ta zube mazarƙwaila da gasasshen wake a kan katanga, ta haɗa hannu ta sunkuyar da kai. Kafin ta sauko yana gindin matakala.

"Chachi, na kama ki!"

"Ka kama wa, ɗan banza? Matsa mini."

"Ku biya ni in kore su, ku kuma hau sama ku yi musu walima?"

"Yau Talata, ranar Hanuman ji ce, abin bautarmu mai siffar biri. Tun kafin uwarka ta yaye ka nake ba su, kuma gida nawa ne a layin nan ba ya bayarwa? Matar Tiwari ayaba take ajiyewa, ta sa su a bayan tanki don kada mijin ya gani. Mu ba ma iya ɗaga musu sanda, shi ya sa muka ɗauko ka. Ran Talata nasu ne, sauran kwanakin naka. Da can da nake ba su, ba sa gudu in ka yi kukan?"

Gaskiya ta faɗa. Suna gudu.

"To je ka nemi ɓarawonka a wani wuri. Kuma ka yi wanka, wani irin wari kake."

Maganar warin nan ita ta tsaya masa. Ya koma rumfar Lallan, ya jira masu shan shayi suka watse, ya jawo shi bayan buhun gawayi, ya zaro kwalbar. Tunda yake bai taɓa nuna wa kowa ita ba.

"Shinshina."

Lallan ya kai hanci, ya yi baya har ya kusa kifar da tukunya. "Ram Ram! Gulfam bhai, me na yi maka? Mene ne wannan?"

"Ba ruwanka. Na dabba ne ko na mutum?"

"Ni likita ne? Kai, wannan ko na akuya ne ko na tsohon da ke shan taba da yawa."

Mamu Rahis yana da akuya. Mamu Rahis yana shan taba kamar matoyar bulon da ke bayan gidansa. Rabon Gulfam da ya ga Badal da idonsa kuwa tun ƙaramar salla, don kullum Mamu cewa yake kada ya riƙa zuwa, ana iya biyo shi. Ashe! Wato biri ya mutu, ko an sayar da shi, shi kuma an bar shi yana bin rufin mutane yana yayyafa musu fitsarin kawunsa.

Bai aika ba, bai buga waya ba. Ya hau kekensa ya tsallaka gada da rana tsaka, ya ja birki da ƙafa a ƙofar gidan. Ya wuce kai tsaye bayan ɗaki inda turken yake. Ga turke, ga kwanon ruwa a kife. Babu igiya, babu Badal.

Mamu Rahis ya fito yana ɗaura zani, ƙaramin tsoho mai jan gemu na lalle. Bai dubi Gulfam ba, hanya ya leƙa.

"Da wa ka zo?"

"Ni kaɗai. Ina Badal?"

"Wane Badal? Ba mu san wani Badal ba a gidan nan." Ya ɗaga murya yadda na bayan katanga zai ji. "Mu akuya muke kiwo!"

"Mamu, ni ne fa."

"Na ga kai ne. Maƙwabcina Nanhe ma ɗan 'yar'uwarsa ne ya kawo masa ma'aikatan daji har tsakar gida. Buɗe jakar nan in gani. Me ya sa wayarka take aljihun gaba?"

"Ni kake zargi? Kai da kake ɗura mini fitsarinka a kwalba!"

Tsohon ya dafe ƙirji. "Nawa? Ni? Wallahi da ina da mai ƙarfin wannan da na ƙara aure! Ka san wahalar da nake sha da faranti a ƙarƙashin dabbar nan kowace asuba?"

"To yana ina?"

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ƙiftawa. Akuyar ta zo ta fara cin igiyar jakar Gulfam. Can Mamu ya tofar da yawu, ya ce, "Yana wurin aiki."

"Aiki?"

"To zama zai yi yana cin ayaba kamar surukin gida? Wani mai dafa petha, alewar kabewa, shi ya roƙe ni. Biki ya matso, birai sun hana shi shanya. Na kai masa shi tun ƙarshen damuna, yana kwana can. Kullum da asuba nake zuwa in ba shi abinci in tari naka. Ba wanda ya sani."

"Kai ni."

Suka hau keke ɗaya, Mamu a baya yana salati a kowace kwana. Suka sake tsallako gada, suka bi ta kasuwar masu alewa, suka kutsa wani lungu da Gulfam bai taɓa shiga ba, inda kabewar petha take jibge kamar kawunan mutane, ƙudan zuma na bin manyan kaskon sukari. Suka hau wata matakala mai santsi. Da Gulfam ya fito kan rufin, abin da ya fara gani shi ne kan wata tsamiya da ya sani. Ga tankin gidan Tiwari ji can, ga shanyar Chachi Kamlesh. Kwata ɗaya da katanga ɗaya ne tsakanin rufin nan da Layin Tsamiya. Ta ƙasa sai ka yi zagaye mai nisa. Ta sama kuwa, tsalle biyu ne.

Badal yana ɗaure a jikin bututu, cikin 'yar inuwar buhu. Ya rame, gashin kafaɗarsa ya zube, jelar nan da take tsayawa kamar tuta tana yashe a ƙasa. Wani ɗan jan biri yana wasa da ƙarshenta. A gefensa kuwa, kafaɗa da kafaɗa, Sufeto ne zaune, hannunsa cikin kwanon Badal, yana tsince ayaba yana bar masa ɓawo.

"Da farko sun gudu," in ji Mamu a hankali. "Sai wancan mai kunnen ya fara matsowa kaɗan-kaɗan. Ya ga ba ya tashi. Haƙoran ma sun ƙare."

Gulfam ya ce, "Badal."

Tsohon birin ya ɗago kai, ya yi ta neman inda muryar take. Da ya gane shi, sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage ya yi kuka. Huup. Huup. Da 'yar shaƙewar nan a ƙarshe. Muryar da Gulfam yake cusawa a tulu kowace safiya ce, ba ragi ba ƙari. Sufeto ko kai bai ɗaga ba.

Babu wanda ya yi masa zagon ƙasa, kwalbar ma ta gaskiya ce. Gaskiyarta ce ma ta kashe shi. Biran sun ga mai warin, sun ga mai muryar, sun ci a kwanonsa. Duk safiyar da Gulfam ya yi kuka, cewa suke, tsohon nan ne na rufin alewa, Allah ya ba shi lafiya.

"Mamu, ka kashe ni."

"Ina na san layinka ne a baya? Ni ta ƙasa nake zuwa!"

"Kwance shi."

"Mai petha fa?"

Mai petha da kansa ya taimaka wajen kwancewa. Ya ce dama yana neman yadda zai faɗa, don tun da aka kawo mai gadin, baƙin da yake ciyarwa suka ƙaru. Suka lulluɓe Badal da mayafi, Mamu ya rungume shi a bayan keke kamar tsohuwar da za a kai asibiti, Gulfam ya tura su da ƙafa har gida. A hanya birin ya fito da hannu ta ƙarƙashin mayafin ya riƙe masa gefen riga, bai saki ba sai a bakin turke.

Mayar da Badal gida bai mayar wa birai da tsoro ba, Gulfam ya san haka. Muryar da ya gada ta mutu a Layin Tsamiya. Wata yake bukata, ta langur ɗin da Sufeto bai taɓa gani ba. Matsalar ita ce shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Sai ya ƙirƙiro shi. Da la'asar yakan tafi ƙarƙashin gadar jirgi, inda masu wanki ke dukan kaya a kan dutse, ya zauna ya rufe ido. Saurayi ne, daga duwatsun yamma ya zo, igiya ba ta taɓa wuyansa ba. An kore shi daga garke saboda baƙin hali. Ba ya gaisuwa. Gulfam ya yi ta gwada yadda irin wannan zai yi kuka, amma duk ya buɗe baki sai Badal ya fito. Ya danne shaƙewar, ta dawo. Ya sauke muryar cikin ciki, ya haɗa da cizon haƙora, ya jira jirgi ya zo wucewa ya yi gasa da shi. Masu wanki suka fara matsar da jakunansu nesa. Wata tsohuwa ta kawo masa ruwa ta tambaya ko akwai wanda za a kira masa. Har maƙogwaron ya dushe, ya fashe, wani abu mai kaushi ya fara fitowa daga ƙasansa wanda shi kansa Gulfam bai so jin sa ba.

A layin kuwa ya daina kuka sam. Ya zo da safe ya zauna a bencin Lallan, ya sha ruwan zafi da citta, ya yi ta kallon sama. Birai suka samu gari. Suka kwashe wandunan shanya, suka tsinke wayar talabijin, suka kwance murfin tanki suka yi wanka a ruwan shan mutane. Matan layin in sun zo wucewa sai su ja mayafi su yi ƙus-ƙus.

"Ustad, ka ko san abin da ake cewa?" in ji Lallan. "Wai yajin aiki kake, ka sa yaranka su nuna mana iyakarmu. Yi ɗan kukan mana, ko na ganin ido."

Gulfam ya girgiza kai, ya nuna katangar gidan da ke kallonsu, inda wani ya hau tsani da bokitin farar ƙasa. Abin da yake jira ke nan. Ba gidan da zai shiga Diwali da tsohuwar katanga. Kowa sai ya wanke rufi, ya kankare bango, ya shafe shi fari tas don arziki ya samu inda zai sauka. Da hannunsu za su goge warin Badal daga layin, shekara da shekaru na yayyafi, ba tare da sun san akwai shi ba.

Ana gobe biki layin ya yi fari fat, yana warin farar ƙasa. Mata suka jera ƙananan fitilun yumɓu a kan katangu, faranta na alewa da furanni suna shiga suna fita. Birai suka cika rufi kamar an gayyace su. Gulfam ya ƙwanƙwasa gidan ƙarshe.

"Kai ne? Yau kuma me na sata?" in ji Chachi Kamlesh.

"Chachi, an ce kin zubar da ruwan tankinki za a wanke." Muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. "Ara mini shi."

"Tankin? Ka yi me da shi?"

"In shiga."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Cire takalmi," ta ce.

Ya lulluɓa da tsohon zanin gadonta, ya bi bayanta kamar kayan wanki har gindin tankin ƙarfen, ya zura jiki ciki, ta ja murfin ta bar 'yar kafa. Ciki zafi kamar tanda. Ta kafar yana hango Sufeto a kan rufin Tiwari ji, zaune a tsakiyar fitilun, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana lashe man.

Gulfam ya rufe ido ya kira baƙon nan na duwatsu. Ya cika ciki da iska, ya saki.

Tankin ya karɓa ya ninka. Abin da ya fita ta bakin murfin ya bi bututun gidaje, ya girgiza tagogi, tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Chachi da ta san da mutum a ciki ma sai da ta yar da faranti. Ya ƙara, ya bi shi da ƙarar haƙora. Jajaye suka tarwatse, wani na taka wani, wata ta manta ɗanta ta dawo ta fizge shi ta wutsiya. Sufeto ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya nemi warin tsohon abokin cin ayabarsa, bai samu komai ba sai farar ƙasa. Ya dubi tsamiya, ya dubi tankuna. Gulfam ya saki na uku. Sufeto ya ajiye fitilar a hankali, ya taka zuwa bakin katanga da sauran mutuncinsa, daga nan kuma ya manta da mutuncin.

Da Gulfam ya sauko, jiƙe sharkaf da gumi, Tiwari ji yana tsaye a tsakiyar layi, mutane a bayansa. Babu wanda ya yi tafi.

"Wato ka iya," in ji Tiwari ji.

"Allah ne ya taimaka, Babu ji."

"Tun tuni ka iya, ka zauna a benci kana kallo suna yi mana wanka a tanki. Sai da ka ga dama." Ya juya ya dubi jama'a, ya dawo da ido kansa. "Mutumin da zai kore su da kuka uku, kuka nawa zai yi ya dawo da su?"

Gulfam ya buɗe baki zai rantse. Sai ya ga in ya fara bayani dole ya bi ta kan kwalba, daga kwalba sai turken da ke bayan matoyar bulo. Ya kuma lura da wani abu: Tiwari ji ya ɗan ja da baya, kuma a muryarsa babu sallama, tambaya ce ta mai son ya san inda ya tsaya.

"A ce mun ce ka tafi," in ji Tiwari ji a hankali. "Misali nake yi. Za su dawo?"

Gulfam ya goge wuya da tawul. Ya ɗaga kai ya dubi rufin gidan shugaban, ya daɗe yana kallo, kamar mai auna faɗinsa.

"Ni me na sani, Babu ji? Birai ne."

Matar Tiwari ji ce ta fara motsi. Ta shige gida ta fito da kwalin alewa, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce a gaida yara.

Har yau Gulfam yana Layin Tsamiya. Ba gidan da ya yarda da shi, ba kuma gidan da ya taɓa tayar da maganar sallamarsa. Tiwari ji shi ke fara gaishe shi yanzu. Kullum sai ya sauya wurin kuka, yau tanki, gobe bututu, jibi bayan injin ruwa, don a can kan rufin mai petha akwai wani mai yankakken kunne da ke zama da hantsi, ba ya ci, ba ya wasa, yana bin rufin layin da ido gida-gida, yana jiran ranar da zai ga jelar baƙon nan ko sau ɗaya.